Allo da Zaure da Aji: Inda Makarantunmu Suka Sha Bamban

Duk magidancin da Allah ya azurta da ɗa a ƙasar Hausa, da zarar yaron ya yi wayo har ana iya aikensa shi kaɗai, la budda wata tambaya ta tsaya masa a rai, wadda kakanninsa ba su sha wahalar amsa ta ba, ita ce wace makaranta za a sa shi. A da hanya ɗaya ce, a saya masa allo a kama hannunsa a kai shi gun malamin unguwa. Amma yau, a cikin unguwa guda ta Kano ko Zariya ko Maraɗi, mutum yana iya samun makarantar allo a soro, da Islamiyya a bayan masallaci, da firamaren gwamnati, da makarantar kuɗi mai motar ɗaukar yara, da ta haddar Alƙur'ani mai kwana, kowace kuwa da masu yabonta da masu kushe ta. Galibin muhawarar da ake yi a kansu takan tsaya ne a kan abin da ake karantarwa, a ce wannan ta addini ce, waccan ta neman duniya. Ni kuwa ina ganin akwai abu biyu da suka fi cancantar a ɗora su a mizani: ta yaya kowace makaranta take tabbatar da cewa ɗalibi ya iya, kuma wa take ɗora wa alhakin yaro idan bai iya ba.

Mu fara da wadda ta girme su duka. Makarantar allo ta daɗe a ƙasar nan daɗewar Musulunci kansa, tun zamanin da tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa a mulkin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, kuma ta yaɗu har ya zama da Turawa suka yi ƙiyasi a wajejen 1914 sun sami makarantun Alƙur'ani kimanin 25,000 a Jihar Arewa, da ɗalibai fiye da 200,000, a lokacin da ɗaliban boko na ƙasar duka ba su kai a kwatanta su da wannan adadi ba. Wanda ya tsaya daga nesa ya ji hayaniyar yara kowa na rera nasa, zai zaci babu nizami a cikinta, alhali kuwa tana da tsari mai tsanani, wanda aka gada hannu da hannu. Yaro yakan fara da haddar Fatiha da gajerun surori da baki, sannan a shigar da shi babbaƙu, inda yake koyon haruffa da sunayen da malamanmu suka laƙaba musu domin sauƙin riƙewa, irin su ambaki da mim jaye da nun guda da kaf lasan. Daga nan ya shiga farfaru, wato wasulla, har ya iya haɗa baƙi da wasali ya tashi kalma da kansa. A lokacin ne hannunsa zai fara sanin alƙalami da tawada, ya riƙa rubuta allonsa, malam na yi masa darasu yana gyara kurakurai, a kan riwayar Warshu da irin rubutun da muka gada daga Magariba.

Ƙa'idar da ta riƙe wannan gini duka ita ce, ba a wanke allo sai an iya abin da ke kansa. Yara biyu da aka kawo rana ɗaya suna iya rabuwa da tazarar izu goma cikin shekara biyu, babu mai jiran wani, babu kuma wanda za a ja gaba don shekara ta zagayo. Mai kaifin ƙwaƙwalwa ya yi ta tafiya, mai nauyin fahimta ya zauna a kan allonsa mako guda ko biyu ba tare da an rubuta masa faɗuwa a takarda ba, kuma malam ya san inda kowannensu ya tsaya, aya da aya, domin a gabansa ake biyawa. Wannan, a ganina, ita ce babbar hikimar makarantar allo, kuma masanan tarbiyya na zamani da ke kira ga a bar kowane yaro ya tafi gwargwadon ƙarfinsa ba su zo da abin da alarammomi ba su sani ba. Matakan ma sanannu ne, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, sannan wanda ya haddace ya yi satu, wato ya rubuta Alƙur'ani da ka ba tare da dubawa ba, a kira shi alaramma, wanda ya ƙware har ya san harji, ya iya faɗin sau nawa kalma kaza ta zo da wuraren da ta zo, a kira shi gwani. Babu takardar shaida a nan, amma babu kuma yadda mutum zai sayi sunan gwani da kuɗi, domin a bainar mahaddata ake gwada shi, kuma kuskuren ɗigo ɗaya ba ya ɓoyuwa gare su. Saboda neman wannan daraja ce samari suka riƙa barin gida su tafi gabas, ƙasar Barno, su kafa kiskadi a bayan gari su shekara suna tilawa.

Amma insafi ya wajabta a faɗi inda ta gaza. Yaro yana iya sauke Alƙur'ani, a yi masa allon zayyana da walima, alhali bai san ma'anar abin da ya karanta ba, bai kuma koyi hisabi ko labarin ƙasa ba, domin ba don su aka kafa ta ba. Bulala ma ta yi yawa a hannun waɗansu malamai har ta wuce haddin ladabtarwa. Abin da ya fi waɗannan muni shi ne halin da almajirai suka shiga a birane. Tsarin na asali ya dogara ne a kan abubuwan da suka yi rauni yanzu: malam yana da gona almajirai na taya shi noma da damina, sai bayan kaka a fita ci-rani, gidajen unguwa kowanne yana da almajirin da yake ajiye wa abinci, zakka da sadaka da kuɗin Laraba suna isa hannun malam, manyan gardawa kuwa suna ɗinkin hula ko ƙananan sana'o'i su riƙe kansu. Da mulkin Turawa ya karkatar da dukiyar baitulmali zuwa makarantunsa, aka kuma maye gurbin ajami da rubutun boko a ayyukan hukuma, sai wanda jiya ake kira mai ilimi ya wayi gari babu gurbinsa a ofis. Da birane suka cika suka batse, talauci ya tsananta a karkara, sai ya zama ana sauke wa malami ɗaya yara da yawa waɗanda ba shi da abin ciyar da su. Ɗan shekara shida da ke yawo da roba a tasha da tsakar rana ba karatu yake yi ba, kuma ba daidai ba ne a kare wannan da sunan kare Alƙur'ani. Alhakinsa yana wuyan uban da ya tura shi ba guzuri, kafin ya kai ga malam ko hukuma.

Mutane da yawa, musamman waɗanda suka tashi a boko zalla, sukan zaci iyakar karatunmu na gargajiya ke nan, sun manta da makarantar ilimi, wadda ake yi a zaure, alhali ita ce ta fitar da alƙalai da limamai da marubutan ƙasar nan shekaru ɗaruruwa, a Madabo ta Kano da Katsina ta su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani da 'Yandoto da sauransu. A nan ɗalibi yakan zo da littafinsa bayan asuba ko bayan la'asar, ya zauna a gaban malam, ya janyo jimla da Larabci, malam ya fassara masa da Hausa ya yi sharhi, har ya ɗauki gwargwadon abin da zai iya riƙewa ya matsa, na baya ya matso. A fiƙihu a fara da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, a haura zuwa Risala da Askari har Muhtasar. A nahawu daga Ajurumiyya zuwa Alfiyya. A lugga a yi Maƙama, a hadisi Muwaɗɗa, a tafsiri Jalalaini. Ƙofar a buɗe take ga kowa, ɗan kasuwa da tela da dattijo mai furfura, ba a tambayar shekarun mutum, ba a yanka masa kuɗi, kuma mai jiran layi yana jin darasin waɗanda suka gabace shi, har ya zama littafin da zai karanta baɗi ya riga ya ji shi sau da yawa a bana. Idan ya gama da wani malami a fannin da ya shahara da shi, sai ya nemi wani, ko da a wata ƙasa ce, kamar yadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi Malam Jibrilu ɗan Umar, kuma ƙanensa Shehu Abdullahi ya tsara littafi sukutum, Ida'un Nusuhi, don ambaton malaman da ya ɗauki karatu a gunsu da littattafan da ya karanta. Shaidar mutum a wannan tsari ita ce sunan malaminsa da ijazar da ya ba shi. Naƙasunta kuwa shi ne tsawon lokaci, domin mutum yana iya shekara ashirin yana fassara maganar magabata bai saba tsara tasa ba, kuma mata ba su cika samun rabo a ciki ba sai a gidajen malamai, in ban da irin hidimar da Nana Asma'u ta yi, da ta riƙa tura malamai mata, waɗanda ake kira jaji, zuwa ƙauyuka su karantar da matan da ake kira 'yan taru.

Makarantar boko ta shigo da wata fahimta dabam game da lokaci da ɗalibi. A 1909 ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, yana karantarwa da Hausa, har da sashen koyon sana'a. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau, kuma daga cikinta ne su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka fito. Manufar masu kafa ta ba ɓoyayya ba ce, suna bukatar malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e. Tsoron iyaye ma ba na banza ba ne, domin sun ga a Zariya da waɗansu wurare boko da mishan tare suka zo, shi ya sa aka riƙa ɓoye yara idan an ji masu ɗibar 'yan makaranta sun shigo gari. A Nijar ma haka aka yi da lakwal ta Faransawa. Duk da haka, wanda ya musanta alherin da ke cikin makarantar boko ya yi zalunci. Ita ce ta kawo agogo da ƙararrawa da rajista, ta raba ilimi fanni fanni ta ba kowanne sa'arsa, ta tara yara arba'in gaban malami ɗaya suka ji darasi ɗaya a lokaci ɗaya, wanda ta haka ne ake iya ilimantar da al'umma duka a ɗan zamani kaɗan. Ita ce ta koya wa yaro lissafi da kiwon lafiya da kimiyya, ta kuma ba shi izinin ya tambayi dalili, abin da a zaure ake yi da taka-tsantsan saboda ladabi. Babu wata hanya da za mu sami likitar mata ko injiniyan ruwa ko mai awon ƙasa in ba ta ita ba.

Sai dai ƙarfinta shi ne kuma mashigar rauninta. Tun da da shekara take auna tafiya, aji yakan matsa gaba ne gaba ɗayansa, wanda ya gane da wanda bai gane ba, kamar ayarin fatake da madugu ya ƙayyade masa zango, gurgun jaki ko ya iso ko kada ya iso, gobe da asuba za a ɗaura kaya. Muddin ajin ƙarami ne, malamin kuma horarre ne mai samun haƙƙinsa a kan kari, wannan aibi ba ya bayyana ƙwarai, shi ya sa dattawan da suka yi elementare da midil a zamanin En'e suke rubuta Hausa da Turanci tsaf har yau. Amma tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka kwararo fiye da yadda aka tanada, aka horar da malamai cikin gaggawa, sai azuzuwa suka cika har ya zama malami bai san sunayen ɗalibansa ba, balle ya san inda kowa ya tsaya. Ƙari a kan haka ga matsalar harshe. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara karantar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka karantar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare, ya nuna ba su yi asarar komai ba, bal ma sun fi takwarorinsu fahimta. Amma mu, musamman a makarantun kuɗi, mun mai da jin yaro yana gaisuwa da Turanci shi ne alamar ilimi. Sakamakon shi ne yaro ya haddace amsa da harshen da ba ya ji ya zuba ta a jarrabawa, wato ainihin laifin da 'yan boko suke ɗora wa makarantar allo, tare da bambanci guda, cewa shi mai allo aƙalla an tabbatar ya riƙe abin da ya haddace. Idan takarda ta zama ita ce abin nema, satar amsa kuwa ba ta da wuyar shigowa.

Tun da daɗewa masu hangen nesa suka ga cewa raba yaro tsakanin waɗannan gidaje biyu ba maslaha ba ce, suka nemi haɗa su. A Kano aka buɗe makarantar alƙalai ta Shahuci a 1928, sannan a 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa makarantar shari'a da malaman da aka ɗauko daga Sudan, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci, kuma cikin waɗanda suka fito daga cikinta har da Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. A shekarun 1950 Malam Aminu Kano da abokan tafiyarsa suka himmatu wajen buɗe makarantun Islamiyya, a Nijar aka buɗe madarasa ta farko a garin Say a 1957, wadda ta zama mafarin makarantun Faransanci da Larabci, a zangunan Gana ma makarantun malamai da yawa suka shiga tsarin gwamnati daga baya. Islamiyya ta aro benci da baƙin allo da aji da jarrabawa daga boko, ta ɗauko tauhidi da fiƙihu da hadisi da sira daga zaure ta sauƙaƙa su ga yara, kuma babban abin da za a gode mata a kai shi ne ta buɗe ƙofa ga 'yan mata da matan aure, har ya zama yau a unguwanni da yawa mata sun fi maza halartar karatun addini. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da aka fara a Sakkwato a 1986 ita ma ta ƙara wa tajwidi da hadda martaba a idon matasa.

Amma ina da ƙorafi a kan yadda muke fahimtar haɗawar. Sau da yawa abin da ake kira haɗa ilimi biyu bai wuce cusa darussa goma sha biyar a jadawali ɗaya ba, ko kuwa yaro ya fita boko da safe, ya dawo ya tafi Islamiyya da yamma, ya yi allo bayan magariba, ya kwanta a gajiye bai narkar da ko ɗaya ba. An haɗa littattafai, ba a haɗa hikimomin ba. Islamiyya da yawa, da suka aro aji, sun aro har da cutarsa, suna ciyar da yaro gaba don shekara ta ƙare ko da karatunsa bai nuna ba. Haka kuma makarantun almajirai fiye da 150 da Gwamnatin Tarayya ta gina, tun daga ta Gagi a Sakkwato da aka buɗe a 2012, da yawansu sun koma kufai ko an juya su zuwa wani abu, domin an gina bango ne ba a shawo kan alarammomin da iyaye suka amince da su ba, ba a kuma tanadi abin da zai ciyar da makarantun bayan bikin buɗewa ba. An kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023, kuma abin da za a auna ta da shi shi ne ko za ta zauna da malaman tsangaya, wato makarantun allo, a matsayin ma'abota fanni, ta kai musu malamin lissafi da na karatun boko har inda suke, ta ba mahaddaci shaidar da zai ci gaba da ita.

Haɗawa ta haƙiƙa ita ce firamare ta karɓi ƙa'idar allo a shekarun farko, kada a matsar da yaro daga koyon karatu da ƙidaya sai ya iya, kuma da harshen da yake ji. Tsangaya ta karɓi rajista da tsafta da iyakance adadin yara gwargwadon abin da malam zai iya riƙewa. Dukansu kuma su tuna da abin da zaure ya sani, cewa ilimi ba ya da shekarun rufewa, da abin da maƙera da marina suka sani, cewa yaro yana bukatar sana'ar hannu da zai ci abinci da ita. Ba abu ne mai bukatar dukiya mai yawa ba kamar yadda yake bukatar kowane ɓangare ya sauke girman kai ya yarda akwai abin koyo a gun ɗan'uwansa.

Kai kuwa mai karatu, idan kana da ɗa ko ƙane a ɗaya daga cikin makarantun nan, kada kyan gini ko tsadar kuɗin zango ko shaharar malam su wadatar da kai. Ka zaunar da shi a wannan mako, ka buɗe masa shafin da bai taɓa gani ba, na Alƙur'ani ko na littafin Hausa, ka ce ya karanta, sannan a na Hausar ya gaya maka abin da ya fahimta. Ka ba shi lissafin cefanen gida ya yi maka. In kuwa a wani gari yake karatu, ka shirya ka je da ƙafarka ka ga inda yake kwana da abin da yake ci, ka kuma tambayi malaminsa inda karatunsa ya tsaya. Malamin da ya amsa maka nan take, ka riƙe shi ka kyautata masa, ko a soro yake karantarwa. Wanda ya kasa, ka nemi dalili tun yaron bai ƙara wata shekara a hannunsa ba.